Me Ya Sa Mutum Yake Mafarki? Abin da Makiyayi Ya Kamata Ya Sani

Kafin mai hidima ya cika shekara ɗaya a tasharsa ta fari, wani zai zo masa da mafarki. Mun koya muku yadda ake shirya wa'azi da yadda ake tafiyar da taron dattawa, amma wannan tambaya takan iso ƙofar fasto da sassafe, tun bai wanke ido ba, amsar da ya bayar kuwa tana iya gyara gida ko ta rushe shi.

Wani tsohon ɗalibinmu da ke hidima a yammacin Zamfara ya kawo mana irin wannan magana. Tsakanin 4 da 6 ga Janairu 2022 'yan bindiga sun auka wa ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen yankin suka ce sun kai wajen 200. Cikin waɗanda suka tsere har da wata mace mai bi, wadda ta sami mafaka tare da dangin mijinta a gari. Watanni bayan haka tana mafarki ɗaya kusan kowane dare: ƙarar babura, hayaƙi, ita kuma ƙafafunta sun ƙi ɗaguwa. Daga baya wata fuska ta shiga mafarkin. Ta zo wurin faston ta ce, "Baba Fasto, facalata ta. Na gan ta da idona, ita ka nuna musu ɗakina." Maganar ta riga ta kai kunnen maza a gidan, an fara raɗa kalmar "infoma". Duk wanda ya zauna a wannan yanki ya san abin da kan sami wanda aka laƙaba wa wannan suna.

Ɗan'uwanmu ya yi abin da ya ga ana yi. Ya sa ta azumi na kwana 3 da addu'ar dare. Mafarkin ya ƙaru. Don mu gane dalilin da ya sa ya ƙaru, da dalilin da ya sa fuskar facalar ba shaida ba ce, sai mun fara duba abin da ke faruwa a jikin mutum sa'ad da yake barci.

Abin da aka gano game da barci

Har tsakiyar ƙarni na 20, yawancin masana sun ɗauka barci kashe fitila ne kawai, ƙwaƙwalwa ta huta sai da safe. A 1953, a Jami'ar Shikago ta Amurka, wani ɗalibi mai suna Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka buga abin da ya sauya wannan tunani. Aserinsky ya manna wayoyin na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa a kan masu barci, na farkonsu ma ɗansa ne mai shekara 8. Sai ya ga akwai lokatai a cikin dare da idanun mai barci suke kai da kawowa da sauri a ƙarƙashin fatar ido, ƙwaƙwalwar kuma tana aiki kamar ta wanda yake farke. Likitoci suna taƙaita sunan wannan yanayi da haruffa REM. Mu a nan za mu kira shi barcin motsin ido. A 1957 Kleitman da William Dement suka riƙa ta da mutane a daidai wannan lokaci, kusan kashi 80 cikin 100 na tashin da aka yi, mutumin ya ce yana tsakiyar mafarki. An gano daga baya cewa ana yin mafarki a sauran matakan barci ma, amma mai tsawo, mai launi, mai labari, a nan ya fi yawa.

Barci yana tafiya zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kamar minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. A farkon dare barci mai nauyi ne ya fi yawa, barcin motsin ido kuwa 'yan mintoci ne. Yayin da gari yake kusa da wayewa sai ya riƙa tsawo, har ya kai rabin awa ko fiye. In aka haɗa, babban mutum yakan yi awa ɗaya da rabi zuwa biyu a cikinsa kowane dare. Jariri sabon haihuwa kusan rabin barcinsa ke nan. Wato kowa yana mafarki, da liman da fasto da ɓarawo, da wanda ya yi addu'a kafin ya kwanta da wanda bai yi ba. Wanda ya ce ba ya mafarki, mantawa yake yi, domin ba a cika tuna mafarki ba sai in an farka a cikinsa ko dab da ƙarewarsa. Mutanenmu da yawa sun ɗauka mafarkin asuba ya fi na farkon dare gaskiya. Abin da za mu iya tabbatarwa shi ne ya fi tsawo, shi ne kuma wanda carar zakara ko kiran salla yake katsewa, shi ya sa yake manne a zuciya.

A birnin Liyon na Faransa, Michel Jouvet ya gano wani abu a 1959 yana bincike a kan kyanwoyi. A lokacin barcin motsin ido, gindin ƙwaƙwalwa yakan aika umarni a saki tsokokin jiki, hannu da ƙafa su zama kamar jiƙaƙƙen tsumma. Numfashi da bugun zuciya suna ci gaba, amma mutum ba ya iya motsi. Da ya lalata wannan ɗan wuri a ƙwaƙwalwar kyanwa, sai ta riƙa tashi tana farautar ɓeran da babu shi alhali tana barci. Mu muna ganin alherin Mahalicci a nan, domin in ba don wannan ɗauri ba, da mai mafarkin gudu ya faɗa rijiya, mai mafarkin faɗa ya naushi matarsa.

Wannan ne kuma asalin abin da Bahaushe yake kira dannau. Wani lokaci hankali yakan farka kafin a kwance wa jiki ɗaurin. Mutum ya buɗe ido, yana ganin rufin ɗakinsa, amma ya kasa ɗaga yatsa, ya kasa kira, ƙirjinsa ya yi nauyi, ragowar mafarkin kuma tana zuba cikin ɗakin har ya ga kamar wani abu a tsaye a bakin ƙofa. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci. Ya fi samun wanda bai sami isasshen barci ba, da mai damuwa, da mai kwanciya rigingine. Mun sha ganin yadda fuskar mutum take sakewa in aka bayyana masa wannan, bayan ya yi shekaru yana ɗauka wani ne a gidansu yake hawansa da dare.

Akwai abu na uku. A shekarun 1990, da aka sami na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tana aiki, an ga cewa a barcin motsin ido sassan da ke kula da tsoro da sauran motsin zuciya suna ci kamar wutar daji, sashen da ke bayan goshi kuwa, wanda yake auna magana ya ce wannan ba zai yiwu ba, ya yi sanyi. Shi ya sa a mafarki za ka ga kakanka da ya rasu shekara 30 yana sayar da katin waya a kasuwar Gummi, ba ka kuwa yi mamaki ba. Mai ba da labari yana farke, alƙali yana barci.

To, don me?

Yadda mafarki yake faruwa an san shi sosai. Dalilinsa ne masana suke ta ja-in-ja a kai. Sigmund Freud, likitan nan na Biyana, ya buga littafinsa a kan fassarar mafarki a ƙarshen 1899, ya ce mafarki ɓoyayyun sha'awace-sha'awace ne da suka sa rigar wani abu. Sunansa ya yi nisa, amma masu binciken barci na yau kaɗan ne suke bin sa, mu ma ba mu ga dalilin tsayawa a kansa ba. A 1977 Allan Hobson da Robert McCarley na Jami'ar Habad suka ce gindin ƙwaƙwalwa ne yake harba saƙonni barkatai, sashen sama kuma ya yi ƙoƙarin ɗinke su su zama labari, kamar tela da aka zube wa ƙyallaye iri-iri. Wannan ya bayyana rashin kan gadon mafarki, amma bai bayyana dalilin da ya sa ƙyallayen suke fitowa daga abin da ya fi damun mutum ba.

Bayani biyu ne suka fi amfani ga aikinmu. Na farko, barci lokacin jera kaya ne. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka nuna cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera da suka yi aiki tare yayin da yake zagaya wani wuri da rana, sukan sake yin aiki tare sa'ad da yake barci. Ƙwaƙwalwa tana bitar abin da ya faru, tana haɗa sabo da tsoho, tana ajiye wani tana zubar da wani. Duk wanda ya yini yana cirar gyaɗa ya kwanta yana ganin gyaɗa ya san wannan ba tare da ɓera ba. Na biyu, a shekara ta 2000 Antti Revonsuo na ƙasar Finlan ya lura cewa mafarkin kora da faɗuwa da hari ya fi yadda waɗannan abubuwa suke faruwa a rayuwar yawancin mutane yawa nesa ba kusa ba. Ya ce ƙwaƙwalwa atisaye take yi a kan haɗari, kamar yadda 'yan dambe suke gwada hannu kafin ranar wasa.

Ku haɗa waɗannan ku dubi 'yar'uwarmu ta Bukkuyum. Ƙwaƙwalwarta tana ɗauke da daren da ya fi ƙarfinta, tana ta komawa kansa ta kasa ajiye shi. Ƙafafun da suka ƙi ɗaguwa, wataƙila ɗaurin nan ne da Jouvet ya gano take ji daga cikin barci. Facalar fa? Mafarki da fuskokin da muka sani yake gina labarinsa. Mata biyu da a da kowace take da sashenta, yanzu suna girki a murhu ɗaya, a gidan aro, hatsi bai isa ba, yara suna faɗa. Tsohon tsoro ya gamu da sabon ɓacin rai a daren da alƙali yake barci. Azumi da addu'ar dare kuwa sun ƙara wa wutar itace, domin tun 1960 Dement ya nuna cewa in aka hana mutum barcin motsin ido, jiki yakan rama bashin a dararen da suka biyo, ya shiga cikinsa da wuri, ya daɗe. Wannan ya shafi dubban mutane a yankin da sukan kwana a daji ko a gona don tsoro, suna farkawa da motsin kowace akuya. Barcin da ake yawan katsewa shi ne barcin da ake tuna mafarkinsa.

Jiki ma yana da nasa hannu. Zazzaɓin cizon sauro yakan kawo mafarkai masu ruɗu. Haka wasu magunguna, irin su efavirenz da ake ba masu ɗauke da cutar ƙanjamau, da meflokwin na zazzaɓi. Wanda ya saba da giya ko ƙwaya ya daina farat ɗaya yakan sha munanan mafarkai na 'yan kwanaki, sabon tuba kuma zai iya ɗauka Shaiɗan ne yake ramuwa a kansa. Ya kamata a gaya masa tun da wuri cewa zai wuce.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Kada wani ɗalibi ya fita daga nan ya ce malaminsu ya ce Allah ba ya magana ta mafarki. Ya yi wa Yakubu magana a Betel (Farawa 28), ya nuna wa Fir'auna shekarun ƙoshi da na yunwa (Farawa 41), ya nuna wa Nebukadnezzar mulkokin da za su zo (Daniyel 2). A surori biyu na farkon Matiyu, sau 4 aka bi da Yusufu mijin Maryamu ta mafarki. Matar Bilatus ma ta sha wahala a mafarki saboda Yesu (Matiyu 27:19). Sanin yadda kunne yake aiki bai hana Allah magana a kunne ba, haka sanin barcin motsin ido bai ɗaure masa hannu ba.

Amma mu ƙirga. Yakubu ya yi shekara 147 a duniya, dare sama da 50,000, mafarkansa da Nassi ya ce daga Allah suke ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Sauran dararen fa? Littafin da kansa ya san mafarki na yau da kullum. Mai Hadishi 5:3 ya danganta mafarki da yawan ɗawainiya. Ishaya 29:8 ya kwatanta mayunwaci da ke mafarkin yana ci, ya farka cikinsa wayam. Mu riƙe wannan aya da kyau, domin koyarwar nan ta cewa duk wanda ya ci abinci a mafarki an ba shi maita ko an sa masa guba ta shigo ikkilisiyoyinmu ta wayoyin hannu, tana kuwa tsorata mutanen da sau ɗaya suke cin abinci a yini. Ayuba 7:13-14 ya nuna adali yana kuka cewa ya je gado neman sauƙi, mafarkai suka firgita shi. Mai makoki ne da ya rasa 'ya'ya 10 a rana ɗaya, a ƙarshen littafin kuma ba shi Ubangiji ya ce ya yi kuskure a kansa ba, abokansa masu bayani ne.

Gargaɗin kuwa mai tsanani ne. Irmiya 23:25-32 ya kwatanta mafarkan annabawan ƙarya da ƙaiƙayi, Maganar Allah da alkama. Maimaitawar Shari'a 13:1-5 ta ce ko da abin da mai mafarki ya faɗa ya cika, in yana jan mutane daga bin Ubangiji, kada a saurare shi. Ko Bulus da ya ga mutumin Makidoniya da dare a Taruwasa, yadda Luka ya rubuta Ayyukan Manzanni 16:10 ya nuna tare da abokan tafiyarsa suka kai ga cewa kiran Allah ne.

Ikkilisiyar farko ba ta ruɗe a kan wannan ba. Tatuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta a farkon ƙarni na 3 cewa akwai mafarki daga Allah, akwai daga aljanu, akwai wanda ran mutum yake haifarwa da kansa. Girigori Babba, bishop na Roma daga 590 zuwa 604, ya lissafa hanyoyi 6, biyun farko kuwa su ne cikakken ciki da cikin da babu kome. Agustin na Hippo ya girmama mafarkin da mahaifiyarsa Monika ta yi game da tubansa, amma da ya zo kan mafarkan sha'awa da suke damunsa bayan ya tuba, ya bambanta abin da ya faru a cikinsa yana barci da abin da ya aikata da nufinsa. Wannan zai taimake ku da samarin da suke jin kunyar cin Jibin Ubangiji saboda abin da ya same su da dare. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da koyarwa daga hadisi cewa mafarki iri uku ne, ɗaya daga ciki zancen zuci ne kawai. Saboda haka in rigimar mafarki ta haɗa gidan mai bi da gidan Musulmi, akwai wurin da fasto da liman za su tsaya tare.

Babu inda Nassi ya yarda a hukunta mutum da mafarkin wani. Maimaitawar Shari'a 19:15 ta bukaci shaidu biyu ko uku, Ubangijinmu ya maimaita haka a Matiyu 18:16. Mai barci ba shaida ba ne, ko da mutum uku ne suka yi mafarkin, domin a gidan da aka yini ana raɗa sunan mutum, sunan nan zai kwana da kowa. Mun san al'adar kama wanda ake zargi da maita a tilasta masa ya tsallake majinyaci. Mu tuna da 2010, sa'ad da yara suka riƙa jijjiga suna mutuwa a 'Yargalma da Dareta da Abare, daga baya aka ga abin ya kai Bagega. Yara fiye da 400 suka rasu. Da likitocin ƙungiyar MSF da sauran masana suka auna jini da ƙasa, sai aka ga gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Uwar da ɗanta yake jijjiga za ta iya mafarkin wata tsohuwa a unguwa. Ba za ta yi mafarkin ƙurar da ke tsakar gidanta ba.

In an kawo mana mafarki

Mu fara da saurare har ƙarshe, ba dariya, ba gaggawar fassara. Yusufu da kansa ya ce fassara ta Allah ce (Farawa 40:8), fasto kuwa ba a naɗa shi mai duba ba. Sa'an nan mu tambayi rana kafin mu tambayi dare: me ya faru da kai a watannin nan, a ina kake kwana, awa nawa, me ka ci, wane magani kake sha, akwai zazzaɓi? Mutumin Gummi da ya ga ambaliyar Agusta 2024, ko ya rasa ɗan'uwa a kwale-kwalen da ya kife da manoma a Satumbar shekarar, in yana mafarkin ruwa yana jan sa, ba aljanin ruwa za mu fara nema ba. In mafarkin ya tsira daga waɗannan tambayoyi, bai saɓa wa Nassi ba, yana kai mutum ga tuba ko sulhu ko jinƙai, to, a kai shi gaban dattawa, a yi addu'a, a jira. In yana nuna wani da yatsa, ya tsaya a ɗakin fasto.

Mugun mafarki mai maimaituwa bayan tashin hankali rauni ne, yana kuma da magani. Wata hanya da Barry Krakow da abokan aikinsa suka gwada a Amurka, suka buga sakamakonta a 2001, ba ta bukatar kuɗi. Da rana tsaka, a wuri mai natsuwa, mutum ya ɗauki mafarkin ya sauya shi yadda yake so, ya riƙa bitar sabon labarin a zuciyarsa minti 10 zuwa 20 kowace rana. Da yawa sun sami sauƙi cikin makonni. Amma in mutum ya daina cin abinci, ko yana jin muryoyi da rana, ko yana maganar kashe kansa, a kai shi babban asibiti mafi kusa, daga can a tura shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Fasto ya raka shi, ya yi addu'a a hanya.

Ɗan'uwanmu ya koma ya dakatar da azumin. Ya tara mazan gidan ya buɗe musu Maimaitawar Shari'a 19, ya tambaya ko akwai wanda ya ga wani abu da idonsa yana farke. Babu. Mama Fasto da wasu mata biyu na Zumuntar Mata suka riƙa kwana kusa da matar bi da bi, suna karanta mata Zabura 3 kafin ta kwanta, wadda kanta ya nuna Dawuda ya yi ta sa'ad da yake gudun Absalom. A sabon labarin da take bita da rana, ƙafafunta suna ɗaguwa, ta ɗauki ƙaramin ɗanta, ita da facalarta suna haye rafi tare. Da muka gamu da faston a taro na baya, ya ce mafarkin yakan dawo in babur ya wuce bayan gidan da tsakar dare, amma ba kowane mako ba. An raba wa matan biyu murhu.